Hilu-mur a shekarun rashi: abin da ke musanyuwa da abin da ba ya musanyuwa

Tun daga Rajab mata a Wad Madani da ƙauyukan Jazira suke fara auna dawa don hilu-mur, abin shan nan ja mai duhu da gidan Sudan ba ya yarda a yi buɗa-baki babu shi. Kafin Sha'aban ya raba, unguwa ta gauraye da ƙanshin ƙullu mai tsami yana gasuwa a kan ƙarfe. Hausawan da ke zaune a nan, jikokin mahajjatan da suka ya da zango ba su tashi ba da na waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun koya wa Sudan cin agashe da godo-godo, su kuma suka karɓi wannan hannu bibbiyu. A garin Mai Wurno kusa da Sinnar, ko a kambon masu tsinkar auduga, matar da ke dama kunun tsamiya ita ce dai ke zama gaban saj, faifan ƙarfen da ake gashin a kansa.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman daga Disambar shekarar da dakarun Da'amus Sari', masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Madani zuwa 11 ga Janairun 2025 da sojoji suka ƙwato ta, tambaya ɗaya ce a bakin masu wannan aiki: in babu kaza, me zan sa? Wadda ta gudu Gadarif ta sami dawa, kayan ƙanshi sun fi ƙarfin aljihunta. Wadda ta kai Alƙahira ta sami kayan ƙanshi har da waɗanda ba ta sani ba, ta rasa irin dawar da hannunta ya saba da ita. Wadda ta tsaya a ƙauye ga hatsi a rami, babu sukari, babu gawayi. Ga kuma 'yan uwa a Kano da Maraɗi da suka ɗanɗana abin a Madina ko a gidan surukai, suna son su gwada da abin da ke kasuwarsu. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, haka ne. Sai dai ba kowane kayan haɗi ne ke da uwar ɗaki ba, kuma abin da na lura shi ne a kan masu sauƙin musanyawa ake ta da jijiyar wuya, waɗanda kuwa in sun tafi abin shan ya tafi, su ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Ga yadda ake yin sa, saboda wanda bai taɓa gani ba. Dawa feterita ake rabawa biyu, gidaje da yawa rabi da rabi. Kashi ɗaya a wanke, a jiƙa, a tsane, a baza a kan buhunan algarara a ɗaki mai inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki ta fid da saiwa da kai ta sarƙe da juna, sai an sa hannu an yayyage ta kafin a shanya a rana. Wannan tsiron shi ake kira zurri'a, kuma in ya bushe sai a kai inji. Kashi na biyu a niƙa shi yadda yake, a yi talge mai kauri a babbar tukunya ko rabin ganga. In ya nuna a sauke, ya ɗan huce, a zuba garin tsiron ana tuƙawa da muciya. Nan ne abin mamaki yake: tuwon da ɗazu muciya ke tsayuwa a cikinsa, kana kallo zai saki, ya tsinke, in ka lasa ka ji zaƙi alhali ba a sa ko ƙwayar sukari ba. Wannan mataki shi ne kujan. Sai a zuba kayan ƙanshi da ɗan tsohon ƙullu, a rufe kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami.

Ranar awasa, wato gashin ƙullun, gayya ake yi, yau gidan wannan gobe gidan waccan, ga jabanar gahawa tana zagayawa. Mai gashi tana zaune a 'yar kujera, faifan baƙin ƙarfe a kan murhu, ta goge shi da tsumma mai mai, ta zuba ludayi guda, ta ɗauki gargariba, wato ɗan ɓallin zarɓar dabino mai faɗi, ta shiga ja da dawowa. Kisra, siririyar gurasar dawa ta Sudan, ƙiftawa da bismilla ake ɗaga ta. Ƙullun hilu-mur kuwa sai an yi ta shafa shi yana tururi, yana komawa ruwan ƙasa, yana ƙara duhu. Yarinyar da ke koyo za ta ce, "Goggo, wannan ai ta yi." A ce mata, "Bar ta, 'yar nan, ba ta yi ja ba tukuna." In ta kai, a ɓamɓaro a ninke tun da zafinta, a ajiye a kan tabarma ta sha iska. Kowace ninka sunanta tarƙa, kuma in ta bushe sosai tana iya kai wa wani azumin. Da la'asar a karya, a jiƙa, a tace, a sa sukari da ƙanƙara.

Wanda ya san yadda Turawa ke dafa baƙar giyarsu, sitaut, zai ga matakan nan duk ya san su: hatsi ya yi tsiro, tsiro ya narkar da sitaci, wuta ta ba da launi da ɗaci. A mararraba ɗaya aka rabu. Su suna barin yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, mata a Jazira kuwa wuta suke kai ƙullun da zarar ya yi tsami. Giya haramun ce, ba kuma don wani ya koya na kawo ta ba. Na kawo ta ne saboda masu ita sun shafe fiye da ƙarni biyu suna rubuta abin da ke faruwa in an canza hatsi, namu sanin kuwa yana tafin hannun tsofaffi, yaƙi kuma ya warwatsa tsofaffin.

A Ingila tun 1963, a Amurka tun dokar da Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, mutum na iya dafa giyarsa a gida, kuma tambayar da ta fi damun masu wannan sha'awa ita ce dai ta matanmu. Yadda suke amsa ta ne abin dubawa. Kowane hatsi sai su tambayi aikin da yake yi a tukunya. Sananniyar haɗar sitaut irin ta Ailan kashi uku ce: wajen 70 cikin 100 tsiron sha'ir ne da aka busar a hankali, wajen 20 ɗanyen sha'ir da aka latse don ya ba ruwan jiki, wajen 10 kuma sha'ir da aka gasa ya yi baƙi ƙirin. Na tsakiya ba sa jin tsoron musanya shi da wani hatsin. Na ƙarshe in sun canza shi da wani gasasshen, ɗanɗano ya ɗan karkata amma abin na nan. Na farko kuwa ba a taɓa shi, domin shi kaɗai ne mai rai a cikinsu. Gasasshen da ya sha zafin sama da digiri 200 ba shi da sauran ƙarfin narkar da komai. Ita kanta haɗar da suke kira ta asali ɗiyar musanya ce: sai da Daniel Wheeler ya ƙirƙiro gangar gasa tsiro a 1817 masu dafawa suka koma farin tsiro mai auki da ɗan baƙi kaɗan don launi, sai kuma da aka ɗage harajin tsiro a 1880 aka sami damar zuba ɗanyen hatsi.

Wani babban gwaji a wannan fage kuwa a Nijeriya aka yi shi, da dawarmu. Kamfanin Guinness ya buɗe masana'antarsa ta Ikeja a farkon shekarun 1960, ta farko da ya gina a wajen Ailan da Birtaniya, kuma tsiron sha'ir duk daga waje ake shigo da shi. A Janairun 1988 gwamnatin Babangida ta haramta shigo da shi, don a rage zubar da kuɗin waje. Kamfanoni suka juyo Arewa. Kaura ɗin nan gajeriya da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, SK5912, ta zama abin nema, haka farafara. Aka zaci cire sha'ir a zuba dawa ne kawai. Tukwane suka ƙi: ruwan ya ƙi tacuwa, sukarin ya ƙi fita yadda aka saba, ƙananan kamfanoni da dama suka durƙushe.

Dalilan uku ne, kuma biyu daga ciki sun shafi kowace mai kujan. Tsiro yana da sinadarai biyu masu narkar da sitaci. Ɗaya, alfa-amilas, shi ke sassare dogayen sarƙoƙin sitaci, shi ya sa tuwo ke tsinkewa. Ɗayan, beta-amilas, shi ke gutsuro sukari mai zaƙi daga sassan. Tsiron dawa yana da na farko isasshe, na biyu kuwa kaɗan ne in aka gwada da sha'ir. Sannan sitacin sha'ir yana kumbura ya buɗe tun wajen digiri 60, lokacin da sinadaran ke cikin ƙarfinsu, amma na dawa sai an haura 70, shi kuwa beta-amilas da an wuce 65 ya fara mutuwa. Ke nan kafin sitacin ya buɗe, mai aikin ya riga ya faɗi. Na uku, ƙwayar sha'ir tana da ƙaiƙayi manne da ita wanda ke zama matata a gindin tukunya, dawa kuwa tsirara take fitowa daga sussuka. Kamfanonin da suka tsira sun sayo sababbin matatai, suka riƙa dafa dawar daban, suka kuma riƙa sayen sinadaran narkarwa na kwalba daga Turai. Da aka ɗage haramcin a ƙarshen shekarun 1990 ba su bar dawa ba, masu sha sun riga sun saba. Mai azumin da ke buɗe Maltina ko Malta Guinness a Kano, akwai yiwuwar dawar da ta ratsa Dawanau ce ta dawo masa a kwalba da tsada.

Matsalar zafin nan da ta ɗaure wa injiniyoyi kai, mata sun daɗe da warware ta ba ma'auni ba littafi. Masu giyar dolo a Burkina Faso da masu giyar pito a arewacin Gana sukan jiƙa garin tsiro, su tsiyaye ruwan saman su ajiye, su tafasa na ƙasan, in ya huce su mayar da ruwan. Mai hilu-mur ta bi wata hanyar ta isa wuri ɗaya: ɗanyen gari kaɗai take dafawa har sitacinsa ya buɗe, tsiron ba ya ganin tafasa. Saboda haka yawancin kujan ɗin da ya lalace aka ɗora wa baƙuwar dawa laifi, a ganina laifin zafi ne. In an zuba zurri'a talge na ɓararraka, ƙullun zai tsaya da kaurinsa, ya yi tsami ba zaƙi. In an bari ya yi sanyi ƙalau, ƙwayoyin tsami za su riga sinadaran zaƙi aiki. Zafin da ake nema shi ne wanda yatsa zai taɓa ya janye da sauri, tukunya ta daina huci mai ƙarfi. Wadda ta canza daga ganga zuwa 'yar tukunyar gas a ɗakin haya ta sani ƙaramar tukunya ta fi saurin hucewa, sai ta rufe ta lulluɓe da bargo bayan ta tuƙa.

To wace dawa ce ke shiga wane kashi? Kashin talge mai haƙuri ne, sitaci kawai ake nema a wurinsa. Dawa irin Tabat, Dabar, ko Hajin ɗin nan da Gebisa Ejeta da abokan aikinsa suka fitar a tashar bincike ta Madani a 1983, duk sun yi. A Kano kaura ko farafara sun yi. Gero ma ya yi, sai dai ƙanshinsa na fitowa, masara kuma takan bar ruwan salam. In dawar kirki kaɗan ce a hannu, a sa ta duka a tsiro, a cike talge da duk abin da ya samu. Mutane da yawa akasin haka suke yi, suna ganin ai wadda za a jiƙa ta tsira ba sai mai kyau ba.

Feterita ba banza ta sami wannan matsayi ba. Tana tsirowa da ƙarfi kuma tare, sannan a ƙarƙashin farar fatarta mai kama da alli akwai wani ɓawo mai launi wanda ke ɗauke da bauri. Shi ke ba hilu-mur jan nan mai duhu da ɗan kama harshen da ke sa mai ƙishi ya ji ya sha wani abu. Wad Ahmad daga dangin feterita take, tana da wannan ɓawo, don haka ita ce magajiya ta kusa. Tabat fara ce har ciki, ta fi daɗin kisra, amma tsironta fari-fari yake ba da ruwa. A ƙasar Hausa jar dawa ce ta fi kusa, in kuwa fara ce kaɗai ke akwai sai a ƙara zoɓorodo don launi, a kuma haƙura da baurin. Tsiron alkama ko na sha'ir ya fi na dawa zaƙi nesa ba kusa ba, kuma ɗan kaɗan a cikin zurri'a mai rauni yana ta da ita, amma alkama tana da danƙo, in ta yi yawa ƙullun zai riƙa kama gargariba.

A nan Bahaushiya tana da abin da maƙwabciyarta Balarabiya ba ta da shi. Mai kunun zaki a Zariya takan niƙa busasshen dankalin Hausa ko tsiron shinkafa ta zuba a kunu bayan ya ɗan huce, don ya saki ya yi zaƙi. Dankalin Hausa na cikin abubuwan da suka fi komai yawan beta-amilas, wato daidai abin da tsiron dawa ya gaza a kai. Ban ga abin da zai hana matar da zurri'arta ta fito da rauni ta niƙa ɗan busasshen bambai, kamar yadda ake kiransa a kasuwar Madani, ta haɗa da ita ba. Taimako zai yi, ba zai zauna a kujerar tsiro ba, domin ba shi da ƙanshinsa kuma ba ya tsinka tuwo kamarsa.

Akwai dawar da ko kusa kada ta shiga wannan aiki. Irin shuka da ƙungiyoyin agaji ko kamfanoni ke rabawa, mai launin ja ko shuɗi a jiki, an cuɗe shi da maganin ƙwari da na funfuna. Yana tsirowa da kyau, wannan ne ma haɗarinsa, kuma wanki ba ya mai da shi abinci. Dawar da ta daɗe a matmura, ramin ajiyar nan na ƙasa, takan yi tuwo amma ranta ya tafi, in an jiƙa ta ruɓewa take yi maimakon tsiro. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku. Masu masana'anta ba sa son wadda ta gaza 90. Wadda rabinta ya kwanta, a kai ta talge. Tsiron da ya yi baƙar funfuna ko kore kuwa na bola ne. Kuma duk makiyayi ya san gyauron dawa na kashe dabba. Gubar nan tana cikin kai da saiwar zurri'a ma, shanya da tsami da gashi ne ke korar ta. Shi ya sa gajerar hanyar da wasu ke bi, su dama ɗanyen garin tsiro a ruwa su sha wai ai ɗanɗanon ɗaya ne, ba abin yi ba ce, balle a ba yara.

Sukari wurare biyu yake shiga magana, kuma ana rikita su. Na cikin kofi, wanda ake sawa bayan an tace, ko me ya samu ya yi: jiƙaƙƙen dabino, zuma, mazarƙwaila. Da masana'antun Junaid da Sinnar da sauransu suka tsaya ko suka raunana, gidaje da yawa sun gano hilu-mur mai kyakkyawan kujan ba ya ma buƙatar rabin sukarin da aka saba antaya masa. Na biyu shi ne dabarar masu sayarwa: a rage zurri'a, saboda ita ce mai cin kwanaki da wahala, a zuba sukari a ƙullu. A baki kafin gashi za ka ji zaƙi, amma a kan saj asiri ke tonuwa. Launi da ƙanshin tarƙa suna fitowa ne daga haɗuwar sukarin tsiro da gutsattsarin furotin da tsirowa ta saki, abin da Bafaranshen nan Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Sukarin rake ba ya shiga wannan haɗuwa da sauƙi, ƙonewa yake yi ya ba da ɗacin alewar da ta wuce wuta. Sitacin da ba a narkar ba kuma yana nan, in an jiƙa sai ruwan ya fito gurɓatacce kamar farau-farau.

Kayan ƙanshi su ne fagen gardama, su ne kuma mafi sauƙi. Citta, kirfa, habahan, kuzbara, kamun, shamar, kulinjan, hulba, habbatus sauda, tsamiya, zoɓorodo, wasu har da dabino: ba gida biyu da ma'auninsu ya zo ɗaya, kuma kowace suruka tana da tabbacin nata ne na gaskiya. Tsamiya da zoɓorodo suna rufa wa juna asiri. In babu kulinjan a ƙara citta. Habahan ne mai tsada, rashinsa kuwa ba ya rushe komai. Inda Bahaushiya ke zamewa shi ne ta ga gurbi ta cike shi da abin da ke gwangwanin yajinta. Kanumfari da kimba masu mulki ne, gashi kuma ƙara musu murya yake yi, ɗan kaɗan ya wuce sai tarƙa duka ta koma maganin haƙori. Hulba ma haka, ga ɗaci ga fita a gumi. In abu ya ɓace, barin gurbinsa ya fi cusa baƙo. Masu bincike a Nijeriya sun taɓa gwada shuwaka da namijin goro a madadin furen ɗacin da ake shigo wa masu giya da shi. Ɗacin ya samu, amma har yau kamfanoni furen suke saye.

Wuta kuwa tana cikin kayan haɗi ko da ba a auna ta da mudu. Guinness da kanta, wadda ta yarda a dafa mata farin ruwan da hatsin gida a ƙasashe da yawa, tana aika wani kakkauran tsimi na gasasshen sha'ir daga Ailan a gauraya. Sitacin ta sakar wa kowa, gashin ta riƙe. Saj ƙarfe ne mai kauri da ke riƙe zafi bai-ɗaya. Kaskon zamani mai santsi, siriri, tsakiyarsa ke ƙonewa gefe na ɗanye, kuma gargariba ba ta samun abin kamawa. Wadda ba ta da saj ta nemi faifan ƙarfe irin na masu gasa nama, ko ta sa maƙeri ya yanko mata. Gas ya yi, har ya fi sauƙin sarrafawa, ɗan hayaƙin itace ne kawai za a rasa. Karan dawa wutarsa tashi ɗaya ce ta faɗi, dole a sami mai zama tana turawa, ba kamar itacen bagaruwa ba. Shanya ƙullun a rana ko busar da shi a tanderu mai sanyin wuta yana ba da abin da zai ajiyu, amma zaƙi ne da tsami kawai, rabin sunan ya tafi, tunda hilu-mur zaƙi da ɗaci yake nufi. A ɗaya gefen kuma tsakanin ɗaci da ƙauri numfashi kaɗan ne, kuma ƙauri ba sukarin da ke rufe shi.

Saura lokaci, wanda a nan ne maganar halal da haram take. Zurri'ar da ke yin hilu-mur ita ce ke yin marisa, giyar gargajiya, kuma Sudan ta daɗe tana fama da wannan iyaka: a Satumbar 1983 Shugaba Numeiri ya sa aka tuttular da giya a Kogin Nilu, masana'antar giyar Camel ta Khartum Bahri ta rufe, a Yulin 2020 kuma aka sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba. A cikin ƙullun hilu-mur ƙwayoyin tsami irin na nono ne ke kan gaba, ɗan abin da yis na iska ya haifar kuwa ba ya jure zafin saj, tunda barasa tana tashi tun digiri 78. Musanyar da ke karkatar da wannan ma'auni ita ce zuba yis ɗin burodi don a gaggauta. Kumfa zai bayar, ya cinye zaƙin da aka sha wahalar fitarwa, tsamin kuma bai zo ba. In babu tsohon ƙullu, ƙullun kisra ko ruwan tsamin koko shi ne madadinsa. Wurin da ya fi buƙatar lura ma bayan jiƙawa ne: ruwa mai sukari, a zafin Jazira, ba lantarki ba firji, in ya kwana ya wuni ya fara tsiwa yana ƙyalƙyala, to ya bar hannun mai azumi. A jiƙa na yini ɗaya kawai.

Idan tsiro ya gagara gaba ɗaya, akwai farin abre, wanda ake yi da lallausan garin farar dawa mai tsami a gasa shi siriri kamar ɓawon albasa, a jiƙa a sha har da ɓarɓashin. Abin sha ne mai mutuncin kansa, ya kuma fi hilu-mur na jabu kashe ƙishi. A yi shi a kira shi da sunansa.

Abin da mace ɗaya ba za ta iya gyarawa a madafinta ba shi ne irin kansa. Hukumar Binciken Aikin Gona ta Sudan a Wad Madani take da hedikwata, a nan kuma rumbun adana iri na ƙasa yake kafin yaƙi, mai samfura sama da 15,000, kaso mai yawa dawa da gero da aka tattaro daga gonakin manoma. Bayan faɗuwar garin aka kwashe firjojin, aka watsar da ƙunshin iri a ƙasa. Ma'aikatan sun yi ƙoƙarin ceto abin da ya samu, kuma a Fabrairun 2025 an kai wani kaso rumbun Svalbard na ƙasar Norwe. Wanda ke can na ajiya ne, ba zai iso kasuwar Madani a buhu ba. Feteritar da za a jiƙa a Rajab mai zuwa tana wurin manoman Jazira da Sinnar da Gadarif da suka ɓoye 'yan zangarniyoyi ba su ci ba, kuma shuka ta ya dogara da ko an yashe magudanan da suka cushe, an sami mai da taki, an kuma bar mutanen kambo sun koma gonakin da suke yi wa aiki.